Daga ƙulli zuwa kamfani: Yadda Cowbell, Indomie da Bigi suka kafa suna a kasuwar Najeriya

Akwai kayan masarufi a Najeriya waɗanda sunan kamfani ya haɗiye sunansu na asali. Uwargida a Kubwa ko Nyanya idan ta aiki yaro shago, ba ta cewa ya sayo garin sabulu, omo take cewa, ko da kuwa Viva ko Klin zai kawo mata. Duk dunƙulen da aka jefa a miya magi ne. Taliyar da ake dafawa cikin minti uku kuwa, ko wane kamfani ya yi ta, indomi ce. Masana kasuwanci na ɗaukar wannan a matsayin ƙololuwar nasara, wato sunan hajar mutum ya zama kalmar yau da kullum a bakin waɗanda ba su ma san inda masana'antarsa take ba.

Amma a watan Maris na 2023, kamfanin Unilever Nigeria ya sanar da cewa zai fice daga harkar garin sabulu da sabulun wanka, ɓangaren da ya ƙunshi Omo da Sunlight da Lux. Sunan yana bakin kowa, cinikin ya koma hannun wasu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gaje shi shi ne Viva, wanda kamfanin Aspira ke sarrafawa a Kano.

Wannan ya isa ya nuna cewa a kasuwar Najeriya suna kaɗai ba ya riƙe mai saye. Tarihin kamfanonin da suka taso daga baya suka ture manya ya nuna abu biyu ne ke riƙe shi: kaya su zo daidai da canjin da ke hannunsa a wannan rana, kuma ya same su a shagon bakin layinsu duk lokacin da ya nema. Talla a rediyo da talabijin tana zuwa ne bayan an tanadi waɗannan. Batun ya shafi masu karatu a Abuja ta fuska biyu. Da yawa daga cikin ma'aikatan tarayya da ke dab da cika shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya suna da burin zuba kuɗin sallamarsu a ruwan leda, ko burodi, ko yogot, ko yaji. Wasu kuma su ne ke rubuta takardun manufofin da ke ɗaga irin waɗannan kamfanoni ko su durƙusar da su.

Madarar da ta shiga leda

Kafin shekarun 1990, madara a Najeriya abar gwangwani ce. Peak, wadda ta shigo ƙasar tun 1954, ita ce sarauniya, sai irin su Nido a gidajen masu hali. Wanda zai sayi madarar gari sai ya tanadi kuɗin gwangwani guda cur. Wanda ya huda ta ruwa kuma dole ya shanye ta da wuri, domin ba kowane gida ke da firji ba, inda yake akwai ma wutar ba ta tsayawa. Leburan da ake biya kullum da yamma ba ya cikin lissafin waɗannan kamfanoni.

Robert Rose, wanda ya kafa Promasidor a 1979 a ƙasar Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu, ya dubi wannan leburan ne ya ga kasuwa. A 1993 kamfanin ya shigo Najeriya da sunan Wonder Foods, ɗauke da Cowbell. Dabararsa biyu ce. Ya cire kitsen madarar ya maye gurbinsa da man itatuwa, lamarin da ya rage tsada ya kuma sa ta jure zafi ba tare da saurin lalacewa ba. Sannan ya zuba ta a 'yan ƙananan ledoji, kowace ɗaya daidai kofin shayi ko kwanon koko, a jere kamar carbi yadda mai tireda zai rataye su a ƙusa.

A gaskiya ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Matan unguwa da masu tebur sun daɗe suna ƙulla sukari da gishiri da man gyaɗa a leda, suna sayar da na sisi da na kwabo. Abin da Cowbell ya yi shi ne ya ɗauki ƙulli ya kai shi masana'anta, ya auna shi, ya rufe bakinsa da inji, ya buga masa suna da hoto. Mai saye ya sami abin da ƙullin gida ba ya ba shi, wato tabbacin cewa abin da ya saya jiya shi zai samu yau, ba gauraye, ba ragi. Manyan kamfanonin da suka raina ledar da farko daga baya duk sun bi sahu, har da Peak ɗin kanta.

Bayan kaya sun zauna a shaguna ne kamfanin ya juya ga gina ƙima. Gasar lissafi ta ɗaliban sakandare da ya fara ɗaukar nauyi a 1998, wadda daga baya ta zama shirin talabijin na Cowbellpedia, ta ɗaura sunan madarar da hazaƙar yaro a zuciyar iyaye. Kan hanyar da Cowbell ya share ne Onga da Loya da Top Tea suka bi suka shiga gidaje. A 2016 kamfanin Ajinomoto na Japan ya biya Dala miliyan 532 domin mallakar kashi ɗaya bisa uku na Promasidor.

Ledar tana da nata aibun, kuma ba a cika faɗa ba. Idan aka auna giram da giram, mai sayen ƙaramar leda yakan biya fiye da mai sayen babban gwangwani, wato talaka na sayen abu da tsada saboda talaucinsa. Kwatocin Mararraba da Suleja kuwa, duk damina suna nuna inda ledojin ke ƙarewa.

Shekarun da Indomie ta yi tana koya wa mutane cinta

Cowbell ya tarar da mutane suna son madara amma ba su da kuɗinta. Indomie ta tarar da abin da ya fi haka wuya, domin babu mai nemanta ko kaɗan. Lokacin da kamfanin Tolaram, na wasu iyalai 'yan asalin Indiya da suka fara da shagon yadi a garin Malang na Indonesiya a 1948, ya fara shigo da ita a 1988, ɗan Najeriya ya san shinkafa da tuwo da doya da garin kwaki, bai san wata murɗaɗɗiyar taliya mai ɗauke da ƙullin kayan ɗanɗano a ciki ba.

Sai suka ɗauki doguwar hanya. Suka riƙa zuwa makarantun firamare da kasuwanni da tashoshin mota da risho da tukunya, suna dafawa a gaban jama'a suna rabawa kyauta. Sun fi ba da ƙarfi ga yara, bisa lissafin cewa harshen babba ya riga ya saba da abin da ya saba, na yaro kuwa yanzu yake koyo, kuma yaro ne ke matsa wa uwa lamba a bakin shago. Yaran da aka ɗanɗana wa a wancan lokaci su ne iyayen yau, wasunsu ma suna mataki na 14 da na 15 a ma'aikatun tarayya.

Akwai wani wakili da kamfanin bai biya ko sisi ba amma ya yi masa aikin da talla ba za ta iya ba, shi ne mai shayi. Daga Legas zuwa Fatakwal zuwa Maiduguri, teburin mai shayi ne ya mayar da indomi da ƙwai abincin dare na gwauro da ɗalibi da direba da mai gadi. Shi ya ƙara mata albasa da attaruhu da tumatir har ta tashi daga baƙuwa ta zama 'yar gida. Yau ba ƙaramin aiki ba ne a gamsar da matashi cewa asalin abincin na kamfanin Indofood ne na Indonesiya.

A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, daga baya aka ƙara wasu a Fatakwal da Kaduna. A nan ne ainihin wahalar ta bayyana. Wanda zai sayar da abu mai arha ga miliyoyin mutane, ribarsa a kan kowane ƙunshi 'yar kaɗan ce, don haka duk wani tsaiko asara ne. Wutar gwamnati ba abar dogaro ba ce, sai suka samar da tasu. Ruwan famfo babu, sai suka tanadi nasu. Masu motocin haya na ɓata lokaci da kaya, sai suka kafa kamfanin sufuri da manyan motocinsu. Suka shiga niƙan fulawa, da tace man girki, da haɗa kayan ɗanɗano, da buga ledar da ake naɗe taliyar. Suka kuma kafa Multipro, kamfanin da aikinsa kawai shi ne ya tabbatar kwali ya isa hannun dila, daga dila zuwa ɗan sari, daga ɗan sari zuwa mai tireda a ƙauyen da kwalta ba ta kai ba.

Darajar wannan hanyar rarraba kaya ta fito fili a 2015, lokacin da kamfanin Kellogg na Amurka ya biya Dala miliyan 450 ya sayi rabin Multipro. Abin da ya saya a wannan ciniki shi ne motoci da rumbuna da diloli, wato ƙofar shiga shagunan Najeriya. Arla mai madarar Dano da Colgate mai man goge baki su ma ta hannun Tolaram suka bi. Kamfanin da ya fara da rabon taliya a makarantu shi ne ya jagoranci gina tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023. Littafin The Prosperity Paradox na Clayton Christensen da Efosa Ojomo da Karen Dillon, wanda ya fito a 2019, ya ɗauki wannan tarihi a matsayin babban misalinsa na yadda ake ƙirƙirar kasuwa a inda babu ita.

An gwada ƙarfin sunan fiye da sau ɗaya. A 2004 jita-jita ta karaɗe ƙasa cewa taliyar na kisa, ciniki ya tsaya cak, hukumar NAFDAC a ƙarƙashin Dora Akunyili ta shiga tsakani, aka dakatar da aiki na ɗan lokaci har aka kammala bincike. A 2023 kuma, bayan hukumomin Taiwan da Malesiya sun ce sun gano wani sinadari mai haɗari a wani samfurin da ake yi a Indonesiya, NAFDAC ta gwada wadda ake sarrafawa a gida ta ce ba ta da matsala. Duka biyun kamfanin ya farfaɗo, kuma dalili ɗaya shi ne yana da masana'anta da ɗakin gwaji da lambar kowane rukunin kaya da za a iya bin sawunsa. Ƙaramin mai sana'a da ba ya rubuta ranar da ya haɗa kaya, jita-jita guda ta ishe shi.

Masu kuɗi da dama sun gwada sa'arsu a wannan fage. Dangote Noodles na da jari da fulawa da sunan attajirin da ya fi kowa a Afirka, amma a 2017 aka sayar wa Dufil, kamfanin da ke yin Indomie, injinansa. Taliyar Mimee ta May & Baker ita ma hannun Dufil ta koma.

Bigi da lissafin Naira ɗari

Iyalan Adegunwa sun yi suna ne a harkar wanke hoto da kamfaninsu na Fototek, sana'ar da kyamarar zamani da wayar hannu suka yi wa kisan mummuƙe. Maimakon su tsaya jiran ta dawo, sai suka kafa Rite Foods, mai masana'anta a Ososa ta Jihar Ogun. Sun fara ne da burodin nan mai nama a ciki da ake sayarwa a cunkoson motoci, fagen da Gala na kamfanin UAC ya mamaye tun 1962. Wannan ya haɗa su da dubban 'yan talla masu bin motoci a guje, waɗanda su ne kantin da ya fi kowane girma a Legas.

A 2016, shekarar da tattalin arzikin Najeriya ya faɗa cikin koma-baya kuma Naira ta karye, suka fito da lemon Bigi a robar santilita 60 a kan Naira 100. Lissafin a fili yake. Naira ɗari takarda ɗaya ce, ba neman canji, mai talla ya miƙa ta taga ya karɓa kafin mota ta motsa. Manyan kamfanonin lemo kuwa a lokacin tsadar Dala na tura su ga ƙarin farashi. Bigi ya ƙara da ɗanɗano iri-iri, har da na tufa da na citta, sannan ya riƙa ba dila ribar da za ta sa ya ajiye kayansa a gaba. Cikin 'yan shekaru, kamfanonin da suka shafe fiye da rabin ƙarni suna mulkin kasuwar suka koma sake girman roba da farashi domin su tare shi.

Ranar da Naira ta sake faɗuwa

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yuni sun zama jarrabawa ga kowa. Dalar da ake saya kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban wannan shekara. GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a watan Agustan 2023. A Disamba, Procter & Gamble mai Ariel da Pampers, wanda ya kashe kimanin Dala miliyan 300 a masana'antar Agbara, ya ce zai koma shigo da kaya daga waje kawai. Kimberly-Clark mai Huggies ya bi su a 2024.

Waɗannan kamfanoni ba suna suka rasa ba. Suna sayen kayan haɗi da Dala, suna sayarwa da Naira, kuma iyayen gidansu na jiran riba da Dala. Waɗanda suka tsaya kuwa galibi su ne masu samun wani kaso na kayansu a gida, masu nasu motocin, waɗanda kuma suka amince su ci ƙaramar riba na tsawon lokaci. Su ma ba su tsira kyauta ba. Duk mai shiga kasuwar Wuse ko Utako ya lura ledar ta ƙara ƙanƙancewa, kwalin ya yi sauƙi a hannu, domin rage giram ya fi ƙarin farashi sauƙin haɗiya ga mai albashin Naira 70,000.

Hannun gwamnati na cikin wannan lissafi dumu-dumu. A watan Fabrairun 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da Dala don shigo da madara ga kamfanoni shida kacal da suka amince su zuba jari a kiwon gida, ciki har da Promasidor, wanda ya farfaɗo da gonar shanu ta Ikun a Jihar Ekiti. A Maris na 2024 aka janye takunkumin. Dokar kuɗi ta 2021 kuma ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Ko wace manufa a cikinsu na da hujjarta, amma wanda ya ci bashin banki ya gina rumbun sanyi bisa dokar jiya, shi ke biyan kuɗin sauyin yau. Babban kamfani na da lauyoyi da masu bin fayil daga ofis zuwa ofis. Mai yogot a Kano ko Kaduna ba shi da su, ga kuma shingayen karɓar haraji da ke tare motarsa a kan hanya.

Abin da ke jiran mai farawa

Ma'aikacin da ke bakin aiki ya fara sanin iyakarsa. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Shiri da nazari ba laifi ba ne, amma zama manajan masana'anta sai bayan ritaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar rajistar hukumar CAC a matsayin mallakar suna. Takardar CAC ta kamfani ce. Sunan da ke jikin kwalba da tambarinsa kuwa ana yi musu rajista ne daban, a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Rajistar farko na ɗaukar shekara bakwai, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, kuma wanda ya riga shigar da takarda shi ke da rinjaye. Mutum zai iya shafe shekaru yana tallata sunan yajinsa, ranar da ya fara karɓuwa ya tarar wani ya riga shi. Manya ma ba sa wasa da wannan. A 2021 Rite Foods ya maka Nigerian Bottling Company a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana ƙorafin cewa hoton zakin da ke jikin lemon Predator ya yi kama da na Fearless ɗinsa. Lambar NAFDAC, wadda ke aiki na shekara biyar, ita ma ba a samunta sai jami'ai sun duba wurin sarrafawa sun gwada kayan.

Takardu su ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar yana kasuwar Singa ta Kano, inda kwalaye ke tashi zuwa jihohin Arewa da Nijar da Chadi, da takwarorinta na Oke-Arin a Legas da Onica. Dilan da ke can ba ya tambayar kyan kwali. Tambayarsa ita ce kwana nawa kaya za su yi kafin su fita, nawa zai samu a kan kowane katan, kuma idan sun ƙare ranar Talata za a kawo wasu ranar Laraba ko sai wani mako. Mai tireda da ya nemi kaya sau biyu bai samu ba yakan ba wani gurbin, kuma ba a cika dawo da shi ba. Shi ya sa kamfanin L&Z na Kano, wanda tsohon ma'aikacin banki Muhammadu Damakka Abubakar ya kafa, ya ɗora yogot ɗinsa a kan tattara nono daga makiyayan da ke kewaye da kuma jigilarsa cikin sanyi, domin kayan da ke lalacewa cikin kwanaki ba sa yafe wa mai jinkiri.

Sai kuma bashi. Sabon suna ba ya karɓar kuɗi hannu. Shaguna na karɓar kayansa ne bisa sharaɗin in an sayar a biya, manyan kantunan Wuse II da Jabi kan riƙe kuɗi wata guda ko fiye, abin da ya lalace kuma a mayar masa. A daidai wannan lokaci mai sukari da mai leda da mai dizal duk kuɗi hannu suke so. Wanda ya kashe kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a kan inji da gini da bikin buɗewa, yakan wayi gari a wata na huɗu kayansa na cikin shaguna 50 suna tafiya, amma babu kuɗin da zai sayi buhun sukarin zagaye na gaba.